Tunawa da Hogan Bassey da Wani Ɗan Kwana-kwana na Hanwa

Gabatarwa

An nemi in rubuta wani abu game da tarihin wasanni, sai na zaɓi dambe. Na san wasu za su yi murmushi, domin kuwa a cikinmu akwai waɗanda tun muna aji ɗaya suke ɗaukar dambe a matsayin wasan marasa aikin yi. Ina roƙonsu da su yi haƙuri su bi ni zuwa ƙarshe.

Mutum biyu nake son mu tuna a nan. Na farko duniya ta san shi, wato marigayi Hogan Bassey, ɗan Nijeriya na farko da ya ci kambun duniya a damben zamani. Na biyu kuwa ko a Zariya sai 'yan unguwa ne suka san shi, wani ma'aikacin kashe gobara ne da ya zauna a Hanwa, wanda da yawa daga cikinmu muka bi ta hannunsa a tsakanin 1973 da 1977. Waɗannan mutane biyu ba garinsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba, kuma tsakanin arzikinsu da sunansu akwai rata mai nisa. Abin da ya haɗa su shi ne, kowannensu da ya sauka daga fage sai ya juya ya zuba abin da ya koya a kan 'ya'yan mutane, kuma wannan aikin ne ya fi daɗewa a bayansu.

Damben da Muka Gada

Kafin a kawo mana safar hannu da igiya da ƙararrawa, Bahaushe yana da dambensa. Asali wasan mahauta ne, kuma lokacinsa kaka, idan an kawar da amfanin gona, hatsi ya shiga rumbu, samari sun sami sarari. 'Yan dambe kan tashi ƙungiya guda su bi garuruwa da kasuwanni, makaɗan kalangu suna biye da su, duk inda suka sauka a share fili da yamma a yi da'ira. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da tsumma ya ɗaure da zare, shi ne mashinsa, ɗaya hannun kuma ya miƙa shi gaba yana karewa, shi ne garkuwarsa. Turmi uku ake yi. Duk wanda aka kai ƙasa, ko gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan a bakin 'yan wasa, ko da kuwa ya miƙe yana dariya. Har yau kuma 'yan dambe suna rabe gida uku: Kudu, da Arewa waɗanda ake kira Jamus, da Guramada.

Mu da muka tashi da rediyo a kunne ba mu buƙatar a gaya mana wane ne Shago ko Ɗandunawa, domin marigayi Ɗan Anace ya shigar da sunayensu kowane zaure a ƙasar Hausa. Amma akwai wani abu a al'adar dambe da nake son mai karatu ya lura da shi, wato yadda ake raɗa wa ɗan wasa suna. Ka saurara da kyau a gidan dambe, za ka ji ana kiran Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane, Dogon wane. Yaro yana shiga fage ɗauke da sunan ubangidansa, wanda ya ɗaure masa hannu ya koya masa tsayuwa. In ya yi kisa, sunan ubangidan ne ya tashi. In ya yi abin kunya a gari, nan ma sunan ubangidan za a kama. Ke nan tun fil azal Bahaushe bai yarda a bar yaro mai ƙarfin hannu haka sakaka ba, sai da wani babba a kansa wanda za a tambaya.

Shigowar Damben Zamani

Damben safar hannu ya shigo ƙasar nan a zamanin Turawa, ta hanyar barikin soja da na 'yan sanda da makarantu da ƙungiyoyin samari, kuma ya fi kafuwa a Ikko. Bambancinsa da namu a bayyane yake. Hannu biyu ake duka da su, ana auna nauyin 'yan wasa a haɗa kowa da tsaransa, kowane turmi yana da mintocinsa, kuma akwai alƙalai masu ƙidaya maki ko da ba a kai kowa ƙasa ba.

Zariya tana cikin garuruwan Arewa da suka san irin waɗannan wasanni da wuri, saboda abubuwan da suka taru a cikinta. Ga tashar jirgin ƙasa a Sabon Gari da ma'aikatanta daga kowane sashe na ƙasa. Ga Daffo, inda ake horar da kuratan soja tun 1924. Ga makarantar yaran soja da aka buɗe a 1954. Ga Kwalejin Barewa da ta dawo Zariya a 1949, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962. A Tudun Wada kuma ga Kamfanin Gaskiya, inda aka riƙa buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da a 1939 ta soma kai wa Bahaushe labarin duniya da harshensa. Yaron da ya tashi a Hanwa ko Tudun Wada, yana iya ganin damben gargajiya da yamma, gobe kuma ya ji labarin wani karo da aka yi a Landan.

Hogan Bassey

An haifi Hogan Bassey a ranar 3 ga Yuni, 1932, a yankin Kalaba. Sunansa na yanka Okon Bassey Asuquo. A Ikko ya koyi dambe tun yana yaro, ya yi suna a can, sannan a farkon shekarun 1950 ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya sauka a Libaful, birnin da a lokacin yake tashar jiragen da ke zirga-zirga zuwa Afirka ta Yamma. Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, kuma ajinsa na marasa nauyi ne, waɗanda ba su wuce kilo 57 ba. A 1955 ya je Belfas ya doke Billy Kelly a gaban mutanen ƙasarsu, ya karɓi kambun ƙasashe renon Ingila.

Babbar ranarsa ita ce 24 ga Yuni, 1957, a birnin Faris. Kambun duniya na ajinsu ba shi da mai shi, domin zakaran da ke riƙe da shi, Sandy Saddler na Amurka, ya yi murabus. Aka haɗa Bassey da Cherif Hamia, haifaffen Aljeriya mai wakiltar Faransa. A turmi na biyu Hamia ya kai shi ƙasa. Da a filin dambenmu ne, da magana ta ƙare ke nan. Amma a wancan wasan ana ba mutum damar tashi kafin a ƙirga goma, sai ya tashi, ya natsu, ya riƙa bin abokin karawarsa sannu a hankali har zuwa turmi na goma, inda alƙalin wasa ya shiga tsakani ya ɗaga hannun ɗan Nijeriya.

Ya kamata mu dubi lokacin da wannan abu ya faru. Watanni uku ke nan da Gana ta sami 'yancin kai. A cikin waɗannan makonni shugabanninmu suna Landan wajen taron tsarin mulki, kuma kafin shekarar ta ƙare Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista. Ƙasar da ake ta gardamar ko za ta iya riƙe kanta, sai ga ɗanta ya tsaya a tsakiyar Turai an ce babu kamarsa a duniya a ajinsa. Malamanmu da suka ga wannan zamani sun sha gaya mana cewa ranar ba wanda ya tsaya tambayar ƙabilarsa. A 1958 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma, kuma a wannan shekarar ya je Amurka ya kare kambunsa a karawa da Ricardo Moreno na Meziko, ya kuma doke tsohon zakara Willie Pep.

Amma ita duniya rawar 'yan mata ce. A watan Maris na 1959, a Los Anjalis, Davey Moore ya fasa masa saman ido har jini ya hana shi gani, aka tsayar da wasa bayan turmi na goma sha uku, kambu ya tafi. A watan Agusta suka sake haɗuwa, Moore ya sake rinjaye. Daga nan Bassey ya ajiye safar hannu yana da shekara 27 kacal. Mutane da yawa sun ga kamar ya yi gaggawa. Sai a watan Maris na 1963 aka ji shi wannan Davey Moore ɗin ya rasu sakamakon raunin da ya samu a wani karo da Sugar Ramos. Dambe wasa ne da ke cin rai, kuma sanin lokacin sauka yana cikin ilminsa.

A nan dole in ambaci Dick Tiger, wanda ya bi sawun Bassey zuwa Libaful a 1955. Shi ya ci kambun duniya na matsakaita nauyi a 1962 a hannun Gene Fullmer, ya kuma kare shi a Filin Wasa na Liberty da ke Badun a ranar 10 ga Agusta, 1963, a gaban jama'ar ƙasarsa. A 1966 ya hau aji na gaba ya doke José Torres ya sake zama zakaran duniya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya same shi a ɓangaren Biyafara, ya yi asarar dukiya mai yawa, kuma ciwon hanta ya ɗauke shi a Aba a watan Disamba na 1971 yana da shekara 42. A wajen masana dambe da yawa ya fi Bassey tarin nasarori. Sai dai kwanansa bai kai ya zauna ya reni 'yan baya yadda Bassey ya samu ya yi ba.

Rayuwarsa ta Biyu

Shekara biyu kawai Hogan Bassey ya yi da kambun duniya. Amma da ya dawo gida ya kama aikin horar da 'yan damben ƙasa, ya yi shekaru masu yawa a kai, yana tashi da yara da asuba, yana riƙe musu buhu, yana gyara musu ƙafa. Ga abin da ya biyo baya. Nijeriya ta fara zuwa wasannin Olamfik a 1952, ta yi ta dawowa hannu rabbana har zuwa 1964, lokacin da Nojim Maiyegun ya ci lambar tagulla a Tokiyo. Ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar nan, kuma dambe ne ya kawo ta. Ta biyu ma dambe ne, a hannun Isaac Ikhouria a Munik a 1972. A waɗannan wasanni na Munik ne maƙwabtanmu na Nijar su ma suka sami tasu lambar ta farko, ta hannun ɗan dambe Issaka Daboré.

Bayan haka Peter Konyegwachie ya kawo azurfa a 1984, David Izonritei da Richard Igbineghu suka kawo azurfa biyu a 1992, sai Duncan Dokiwari ya kawo tagulla a 1996. Lambobi shida ke nan daga dambe. Daga 1996 har zuwa wasannin Faris na 2024 ba a ƙara samun ko ɗaya daga wannan fanni ba. Hogan Bassey ya rasu a Ikko a watan Janairu na 1998. Maiyegun, wanda ya koma zama a Biyana kuma ya rasa ganinsa a ƙarshen rayuwa, ya bi shi a 2024. Wanda duk ya jera waɗannan shekaru ya duba zai ga cewa lambobi sun zo ne a zamanin da ake da manya masu tsayawa a kan yara, da kuma zamanin waɗanda suka koya a hannunsu.

Baba na Hanwa

To, yanzu bari mu dawo gida. Ba zan kama sunan mutumin nan ba, domin iyalinsa suna nan kuma mutane ne masu son sirrinsu, sannan mu duka Baba muke ce masa, shi kuma ya ce mana 'ya'yana. Waɗanda suka zauna a Hanwa a waɗannan shekaru sun gane shi tun kafin in ƙarasa. Ɗan mahauta ne, ya ɗaura zare a ƙuruciyarsa, daga baya ya koyi damben safar hannu, sannan ya shiga aikin kwana-kwana. Aikin kashe gobara a zamanin Turawa yana ƙarƙashin 'yan sanda ne, sai a 1963 aka yi masa dokarsa ta kansa, kuma ya daɗe yana cikin ayyukan da jama'a ba su tunawa da su sai ranar da wuta ta tashi.

Filin horonmu wani fegi ne a gindin darbejiya kusa da layin dogo. Kayan aikinmu buhun gyaɗa ne da aka cusa wa yashi da dusar katako aka rataya a reshe, da igiyar tsalle, da safar hannu guda biyu da duk muke karɓa-karɓa. A bangon zaurensa akwai hoton Hogan Bassey da ya yanko daga jarida, ya yi ja saboda daɗewa. Duk yaron da ya zo sabo, sai an tsayar da shi a gaban hoton an ba shi labarin turmi na biyu a Faris, yadda aka kai mutumin ƙasa ya tashi. Ranar da ba ya kan aiki, bayan sallar asuba mukan yi gudu daga Hanwa mu bi ta Kwangila mu gangara wajen Kubanni mu dawo, shi yana biye da mu a kan kekensa, sannan kowa ya yi wanka ya kama hanyar makaranta ko wurin koyon sana'a.

Dokokinsa huɗu ne, kuma ba ya sassauta ko ɗaya. Ba ya karɓar yaro sai ya je da kansa ya yi sallama da mahaifinsa a zaure ya nemi izini. Ƙarshen kowane zango sai ɗan makaranta ya kawo masa katin sakamakon jarrabawa, wanda ya faɗi kuwa zai zauna a gefe da littafi yana kallon 'yan'uwansa har sai ya gyara. Ba taba, ba ƙwaya. Ta huɗu ita ce mafi tsanani: hannun da ya horar ba ya dukan kowa a waje.

Na ga ranar da aka karya wannan doka. Wani daga cikinmu, wanda ya fi mu duka iya wasa, ya yi cacar baki da wani ɗan ga-ruwa a bakin famfo, ya kai masa naushi ɗaya ya fasa masa baki. Labari ya riga shi zuwa gindin darbejiya. Baba bai ɗaga murya ba, bai kuma ɗaga hannu ba. Ya karɓi safar, ya kama hannun yaron suka tafi har masaukin ɗan ga-ruwan, ya biya kuɗin magani daga aljihunsa. Sannan ya yanke cewa yaron ne zai ɗauki garewanin mutumin ya kai ruwa gidajen da yake kaiwa har ya warke, kuɗin kuma na mai garewani ne. Kwana tara ana ganin zakaranmu da sanda a kafaɗa yana bi gida-gida. Da ya dawo, Baba ya miƙa masa safar kamar ba abin da ya faru. Wannan yaro ya girma ya yi aikin koyarwa shekara talatin da wani abu, kuma ɗalibansa sun shaide shi da sanyin hannu.

Akwai wani abu kuma da sai da muka girma muka gane nauyinsa. Shekara uku kacal ke nan da gama yaƙi. Iyalan da suka bar Sabon Gari a 1966 sun fara dawowa, kuma zukata ba su gama hucewa ba. Baba yakan karɓi 'ya'yansu, da 'ya'yan Yarabawan reluwe, da yaran makanikai daga Tudun Wada, da mu 'yan makaranta, ya haɗa mu bisa nauyi kawai. Wanda kuka gama musayar naushi da shi, shi zai kwance maka safar hannu, ku sha ruwa a moɗa ɗaya. Wasu iyaye sun yi gunaguni. Amsarsa ita ce ya nuna musu hoton da ke bango, ya tuna musu cewa mutumin Kalaba ne, kuma ranar da ya ci kambu har a Zariya an yi murna.

Wuta da Dambe

Bai taɓa raba aikinsa biyu ba. A ganinsa wuta da abokin karawa halinsu ɗaya, wanda ya rikice a gabansu ya hallaka. Da zarar hunturu ya kama, iska ta bushe, mutane sun fara shiga ɗaki da kaskon wuta, sai ya rage mana lokacin buhu ya zaunar da mu ya koya mana abin da ya sani. Wutar kananzir ko fetur ko man girki ba a zuba mata ruwa, domin man yana hawa kan ruwan ya bazu, sai dai yashi ko a rufe ta da jiƙaƙƙen bargo. Wutar lantarki sai an kashe ta daga tushe kafin a kusance ta. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, saboda haka mai fita daga ɗakin da ya kama ya sunkuya ƙasa-ƙasa inda iska ta fi kyau. Wanda tufafinsa suka kama kada ya yi gudu, ya faɗi ya yi birgima. Sannan idan motar kwana-kwana ta taho da jiniya, babban taimakon da 'yan kallo za su yi shi ne su buɗe hanya.

Wani dare cikin sanyi risho ya fashe a wani gida a unguwarmu, wuta ta kama rufin ɗakin girki tana neman tsallakawa maƙwabta. Baba yana wurin aiki. Kafin mota ta iso, yaransa ne suka hana matan gidan watsa ruwa a kan kananzir, suka kwaso yashi daga wani gini da ke kusa, suka jeru da bokitai daga rijiya suna jiƙa rufin maƙwabta, ɗaya kuma ya ƙirga yaran gidan ya tabbatar kowa ya fito. Da mota ta zo aka ja mesa aka ƙarasa sauran. Ɗaki ɗaya aka yi asara, ba a rasa rai ba. Washegari bai yaba wa kowa a gaban jama'a ba, amma ya sayo ƙosai da koko ya ajiye a gindin darbejiya, kuma mun fahimci abin da yake nufi.

Daren 30 ga Oktoba, 1974, shi ma yana cikin abin da ba mu mantawa. Muhammadu Ali zai kara da George Foreman a Kinshasa, kuma an sa wasan wajen ƙarfe huɗu na asuba saboda masu kallo a Amurka. Muka kwana a zaurensa muka kewaye rediyo. Da muka ji Ali ya jingina da igiya ana ta dukansa turmi bayan turmi, sai jikinmu ya yi sanyi. Baba kuwa ya ce mu saurara, mai dukan ne zai fara gajiya. A turmi na takwas Foreman ya faɗi. Ya daɗe yana kafa mana misali da wannan dare a kan cewa haƙuri ma makami ne.

A cikin masu horar da Foreman a wannan karo akwai wani dattijo, Archie Moore, tsohon zakaran duniya, wanda a San Diyego ya kafa ƙungiyar koya wa yaran talakawa dambe domin ya raba su da ƙwaya da yawon banza. Wannan dattijo ya zo ya taimaka wajen horar da 'yan damben Nijeriya domin wasannin Olamfik na 1976, waɗanda a ƙarshe Nijeriya da ƙasashen Afirka da dama suka ƙaurace musu saboda batun wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Shi ma a 1998 ya rasu, shekara ɗaya da Hogan Bassey. Na kawo shi ne domin a ga cewa abin da Baba yake yi a gindin darbejiya, shi manyan zakarun duniya suka zaɓa wa kansu bayan sun sauka.

A cikin yaran Baba babu wanda ya je Olamfik. Amma an sami malaman makaranta, da sojoji, da direbobi, da ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwa, da mutum biyu da suka gaje shi a aikin kwana-kwana. Ya yi ritaya ya ci gaba da zama a gidansa na Hanwa har Allah ya karɓi abinsa. Ranar jana'izarsa layin ya cika da dattawa masu furfura, wasu daga Kaduna, wasu daga Kano, har da waɗanda ba Musulmi ba suka tsaya a gefe har aka gama, kowa ka tambaya sai ya ce ɗansa ne. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa.

Kammalawa

'Yan'uwa, dambe bai mutu ba. Na gargajiya ma ya sami sabuwar kasuwa, ana kallonsa ta intanet a ƙasashen da ba su san kalangu ba, ana cin kuɗi da motoci. Ƙarfi kuma bai ƙare a jikin samarinmu ba, duk wanda ya bi ta Hanwa ko Tudun Wada da yamma zai gan su cike da bakin titi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne babban da zai je zaure ya nemi izinin uba, ya duba katin jarrabawa, ya yarda a kira yaro da sunansa. Binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da ƙwaya, kuma tun a 2018 gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi, musamman a nan Arewa. Gobara ma ba ta daina ba, mun ga yadda ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yawancinmu yanzu mun ajiye aiki, muna da lokacin da ba mu da shi a da. A cikin wannan ƙungiya akwai tsofaffin sojoji, da malaman wasanni, da likitoci, da waɗanda suka yi aikin kashe gobara. Shawarata ga taronmu na gaba ita ce mu nemi izinin hukumar makaranta a ba mu kusurwa ɗaya a filin wasa, mu sayi buhu da igiya da safar hannu, mu nemi mutum ɗaya mai mutunci da zai tsaya a kai, mu ɗauki nauyin ɗan abin da zai riƙa sawa a aljihu. Sau ɗaya a kowane zango kuma a gayyato 'yan kwana-kwana su koya wa ɗalibai abin da za su yi idan wuta ta tashi a ɗakin kwana. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na abincin da muke ci a taron shekara ba. Baba ya yi nasa da albashin ƙaramin ma'aikaci da keke ɗaya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya shirya mana zuriya. Wassalam.